Sharon Ba Ya Shigowa Ba Sallama



Mai girma uban taro, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, Shugaban makaranta, malamanmu na da da na yanzu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da ku ɗalibai da ke zaune can baya, inda mu ma muka sha zama muna ƙosawa a gama jawabi a raba lemo.

Sa'ad da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi laccar bana, na yi kwana biyu ina neman hanyar zillewa, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana koyarwa a gaban malamin da ya taɓa sa shi kama kunne. Da na ga ba makawa, sai na ce to, bari in yi magana a kan abin da na sani, wanda kuma ya taɓa gidanmu. Na karanta fannin kare amfanin gona a jami'a, a wannan ɓangare nake aikin gwamnati, kuma maganata yau a kan wasu 'yan ƙananan ƙwari ce masu tashi da dare, irin waɗanda muke kira faɗa-wuta saboda yadda suke afka wa fitila. Su ne dangin malam-buɗe-littafi na dare. Su kansu ba sa cin ganye, 'ya'yansu ne tsutsotsin da ke cinye mana gonaki. Abin da nake so mu duba shi ne lokacin tashinsu: yaushe suke fitowa, me ke fito da su, kuma me ya sa a ƙasar Kura da Bunkure wasunsu ba su da hutu.

Yawancin mu da ke cikin wannan ɗaki 'ya'yan kanal ne. Kuɗin makarantarmu, da na jarrabawa, da sabulu da garin da ake ɗaura mana in za mu dawo daga hutu, duk daga tumatir da shinkafa da alkama suka fito. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta Ruwan Kanya, babban kanal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Garun Malam da Kura, ɗaya ya nufi Bunkure, rani ya daina zama lokacin cin rani a wurinmu. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ke kula da aikin, kuma kashin farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa: ruwan da ya hana mu yunwa da rani, shi ne kuma ya hana ƙwari yunwa.

A shekarar 2016 ban daɗe da kama aiki ba, ina ji da kaina. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi dashen tumatir a makare a waccan shekara, domin shinkafarsa ba ta tashi da wuri ba, kuma ya ci bashi wurin wani dillali a kan zai biya da tumatir in ya nuna. Wajen ƙarshen watan Fabrairu ya aiko a kira ni. Na je na tarar ganyen ya yi wasu fararen tabo-tabo, in ka ɗaga shi sama kana hango hasken rana ta ciki, kamar an kankare naman ganyen an bar fata. Ya ce, “To malamin gona, ga aikinka ya zo har gida.” Na duba, na ce, “Baba, tsutsa ce, a yi feshi.” Aka yi. Bayan kwana uku abin ya ƙaru, na ce a ƙara ƙarfin maganin. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya haɗa mana kala uku a jarka ɗaya, ya rantse ko kunama ta sha ba za ta kwana ba. Muka fesa har idanun yayana suka kumbura. Kafin mako biyu gonar ta koma kamar an cinna mata wuta, 'ya'yan tumatirin da suka rage duk sun huje ta wajen hanci, suna ruɓewa a jikin uwa. Shanun huɗarmu guda biyu aka sayar aka biya dillali, aka kuma ɗaga bikin ƙanwata zuwa bayan kaka. Baba bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma wallahi da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ba mu kaɗai ba ne, duk kun sani. Shekarar ce manoma suka raɗa wa wannan tsutsa suna sharon, 'yan jarida kuma suka ce Ebolar tumatir. A watan Mayu gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, Ministan Gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya fito ya yi wa ƙasa bayani. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, ta tsaya bayan 'yan makonni saboda babu abin markaɗawa. Kasuwar Kwanar Gafan, inda a da mota ba ta samun wurin juyawa, ta zama fili. Ga azumi ya kama a farkon Yuni, matan aure suka koma kauɗa da na gwangwani.

Abin da ya buɗe mini ido kuwa ba littafi ba ne. Wani dattijo ne maƙwabcinmu a gona, wanda bai taɓa shiga aji ba. Muna zaune a bakin kanal bayan an gama asara, sai ya ce mini, “Ɗan nan, ku dai ba ku lura ba ne. Tun kafin ganye ya yi tabo, in na zo jan ruwa da almuru na ratsa cikin kunya, sai in ga wasu 'yan ƙwari suna tashi gabana kamar an watsa toka. Na kusa wata guda ina ganinsu.” Na ce, “Baba, me ya hana ka faɗa?” Ya ce, “Wa ya tambaye ni?” A nan na gane cewa sharon bai shigo mana ba sallama ba. Ya yi sallama har wata guda, mu ne ba mu amsa ba, domin idonmu yana kan tsutsa, alhali uwarta ce ke fara zuwa.

To, wane ne shi? Sunansa a wurin masana Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka, a ƙasar Peru aka fara bayyana shi a 1917. Ya yi shekaru da yawa a can bai ƙetare teku ba, sai a 2006 aka gan shi a Sifen. A 2008 ya shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ya bi ta Masar da Sudan, a 2012 ga shi a Senegal, a 2013 a Jamhuriyar Nijar. A 2015 aka tabbatar da shi a Nijeriya, an fara ganinsa a wajen Daura, sa'an nan Kano. Watau shekara guda cur yana cikinmu yana hayayyafa kafin babbar ɓarnar 2016. Wannan tafiya mai nisa ba da fiffikensa kaɗai ya yi ta ba. A cikin kwanduna da akwatuna da 'ya'yan tumatir da irin dashe ya hau mota. Kwandon da ya kai kaya Mile 12 a Legas ya dawo fanko, ba lalle ne fanko yake ba.

Ƙwaron kansa bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, milimita 6 zuwa 7 ne, launin toka da ɗigo-ɗigo baƙi. Da rana yana laɓe a ƙarƙashin ganye. Tashinsa daga faɗuwar rana ne, da kuma asuba zuwa hudowar rana, lokacin da maza ke neman mata. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260, ɗai-ɗai take ajiye su, galibi a bayan ganye da kan sabon toho, ƙanana ƙwarai, sai mai kaifin ido. Cikin kwana huɗu ko biyar in da ɗumi sai su ƙyanƙyashe, tsutsar kuwa ba ta ɓata lokaci a waje, nan da nan take huda ganye ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Daga nan ta samu ɗaki. Duk feshin da muka yi ta yi a gonar Baba a kan rufin ɗakin muke zubawa. In ta ƙoshi, bayan kamar mako biyu, sai ta sauka ƙasa ko ta naɗe a ganye ta kwanta, bayan wasu kwanaki ta fashe ta fito da fiffike, a sake sabon zagaye.

Nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma ina roƙon ɗalibai su buɗe kunne, domin lissafi ne mai sauƙi. Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki nasa na kansa kamar mu, zafin gari shi ke tafiyar da girmansa. An auna an gani: in zafi yana digiri 14, daga ƙwai zuwa mai fiffike sharon yana cin kwana 76. In ya kai digiri 20, kwana 40. In ya kai 27, kwana 24 kacal. Yanzu ku ɗora wannan a kan shekararmu. A Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ke kaɗawa, dare yana sauka wajen digiri 13 ko 14 a ƙasar Kano, har mai jan ruwa sai ya hura wuta a bakin kanal. A lokacin sharon yana nan, amma tafiyar hawainiya yake yi, masu tashi kaɗan ne, ɓarnar ba ta kai a lura ba. Shi ya sa wanda ya yi dashe a Oktoba ko farkon Nuwamba yakan kwashe rabonsa lafiya. Da zarar iska ta juya a tsakiyar Fabrairu, dare ya fara ɗumi, mutane suka fara fito da tabarma waje, sai zagayen ya gajarce. Abin da ke cin wata biyu da rabi ya koma mako uku da 'yan kwanaki. Kafin uwaye su mutu 'ya'ya sun tashi, kafin 'ya'ya su gama ƙwai jikoki sun fito, sai ka tarar da ƙwai da tsutsa da mai fiffike duk a kan uwa ɗaya. Maris da Afrilu su ne ganiyarsa. In ruwa ya sauka sosai yakan ja baya, domin ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe ƙwai da masu fiffike, amma ba ya ƙarewa. A shekara guda yana iya yin zagaye 10 zuwa 12.

Ashe ke nan Baba ba mugun ƙarfe ya taka ba. Dashen makara ya yi, tumatirinsa ya fara fure daidai lokacin da ƙwaron ke ninkuwa, ga kuma gonakin maƙwabta da suka gama tsinka an bar karmaminsu a tsaye, duk abin da ya tashi daga can gonarsa ya nufa, domin ita ce ɗanya. Ni da na yi shekara biyar a jami'a ya kamata in faɗa masa haka tun ranar da ya fara zuba iri.

Domin ku ga bambanci, bari in kawo muku ƙwarinmu na gida, waɗanda kakanninmu suka sani. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero, tana bin ta tana zagayawa kamar an yi mata zane, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke kira murzuna. Ta yi suna ne bayan farin farkon shekarun 1970. Ita zagaye ɗaya take yi a shekara. In ta ƙoshi da kaka sai ta shige cikin ƙasa ta yi barci, ta wuce hunturu, ta wuce bazara, ba ci ba sha. Ruwan shuka ne ke tashinta, kamar wata guda bayan saukarsa sai masu fiffike su fara fitowa, tashinsu ya zo daidai da lokacin da gero ke fitar da kai. Dubi wannan hikima ta Ubangiji: ƙwaro a cikin ƙasa, ba ya ganin gero, amma agogonsu ɗaya. Saboda an san lokacin nan ne masu bincike a Maraɗi suka iya yaƙarta ba da guba ba. Suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro a cikin 'yan buhuna, a rataya a ƙauyuka daidai lokacin da tsutsar ke kan zangarniya, shi kuma ya bi ta ya yi ƙwai a jikinta ya kashe ta.

Haka tsutsar da ke huda karan dawa da na gero. Ita a cikin busasshen kara take kwana duk rani, watau a cikin dangarmu da rumfarmu da karan da muka jingine a bayan gida, in damina ta kama ta fito da fiffike ta koma gona. Masu bincike a Samaru sun daɗe da nuna haka. Har a daji ma akwai irinsu. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a da, daga saƙar wasu tsutsotsi ne masu cin ganyen itatuwa, su taru su saƙa gida ɗaya su kwanta ciki har lokacinsu ya yi. Duk waɗannan suna da lokacin tashi da lokacin kwanciya, kuma rani shi ne linzaminsu.

Sharon ba ya wannan barci matuƙar akwai abinci. A nan ne maganar kanal ta dawo. A da, daga Disamba zuwa Mayu in ka bar fadama da bakin rafi ba ka ganin ɗanyen ganye. Yanzu kuwa wani na zuba iri, wani na dashe, wani na tsinka, duk a mako ɗaya a layi ɗaya. In tumatirin rani ya ƙare ga gauta da yalo, ga zaƙami da sauran ciyayi danginsu a gefen kanal, duk yana ci. Kafin su ƙare an fara na damina a tudu. Mun shimfiɗa masa tabarma daga wannan shekara zuwa waccan. Shi ya sa da ya sake tasowa da ƙarfi a bazarar 2023 a Kura da Bunkure da Garun Malam, masu cewa ya dawo suka ba ni mamaki. Ina ya je da zai dawo?

Akwai baƙo na biyu da ya zo mana a shekara ɗaya da waccan ɓarna, tsutsar masara mai shiga cikin kunnen shuka ta bar ƙazanta kamar dusa. Ita ma daga nahiyar Amurka take, kuma a Nijeriya aka fara ganinta a duk Afirka, a watan Janairu na 2016, masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka tabbatar. Wannan uwarta matafiyiya ce ta gaske, in ta hau iska tana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya. A can gidansu duk shekara tana tashi daga Texas da Florida in sanyi ya wuce, zuriya bayan zuriya, har ta dangana da Kanada. Daga Afirka ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostareliya a 2020. A wurinmu sanyi bai isa ya kashe ta ba, masarar rani da muke yi a kanal tana riƙe ta, in damina ta faɗi ta bazu cikin masarar tudu tun tana ƙarama. Ba zan tsawaita a kanta ba, ta isa lacca guda ita kaɗai.

Me za a yi ke nan? Zan faɗi ra'ayina, ko da masu shagon magani da ke cikinmu za su harare ni. Feshin makanta da muke yi ya fi kusa da ƙara wa wuta mai. Sharon ya zo mana ne da taurinsa, domin tun a Kudancin Amurka da Turai ya saba da magunguna iri-iri. Duk sanda ka fesa magani ɗaya sau biyar a jere, raunana ne ke mutuwa, masu tauri su rage su haifi irinsu, ga shi kuwa kowane mako uku sabuwar zuriya. Sa'an nan ka kashe gizo-gizo da 'yan ƙwarin da ke cin ƙwansa, waɗanda suke yi maka aiki ba lada. Ban ce kada a yi feshi ba. Na ce a yi shi da ido buɗe: a san maganin da ya dace, a riƙa sauya danginsa daga zuriya zuwa zuriya, a fesa da yamma lis, kuma a fesa lokacin da ƙwai ke ƙyanƙyashewa kafin tsutsa ta shige ɗaki. Ruwan 'ya'yan darbejiya ma yana taimakawa in an fara da wuri. Amma duk wannan ba ya yiwuwa sai ka san ranar da uwayen suka fara tashi.

Hanyar sani kuwa ba ta da wuya. Macen ƙwaron tana fitar da wani ƙamshi da namiji ke bi daga nesa. Masana sun kwaikwayi wannan ƙamshi sun zuba shi a ɗan guntun roba. Sai ka sami roba mai faɗi ka zuba ruwa da ɗan sabulu ko ɗan mai, ka rataya guntun a samanta, ka ajiye cikin gona daidai tsayin shuka. Mazan su zo da dare su faɗa ruwa. Da safe ka ƙirga, ka rubuta, ka zubar. Tarko biyu zuwa huɗu sun isa hekta guda in don sa ido ne, a sauya ƙamshin bayan mako huɗu zuwa shida. A Sifen ƙa'idar da suke bi ita ce in tarko ɗaya ya kama fiye da 30 a mako, to gona tana cikin haɗari. In aka yawaita tarkon, 20 zuwa 40 a hekta, shi kansa ya zama magani, domin yana rage mazan. Cibiyar NIHORT ta Ibadan ma ta fito da wani faranti mai fitila da ruwa wanda ke jawo su da haske. Tun 2017 nake ajiye irin wannan tarko a gonarmu, yayana ke ƙirgawa, kuma kowace shekara labarin ɗaya ne: shiru-shiru a hunturu, sa'an nan wani mako a Fabrairu ruwan robar ya wayi gari ya yi baƙi. Makon ne ke sauyawa daga shekara zuwa shekara, gwargwadon yadda sanyi ya daɗe ko ya yi saurin tafiya, kuma sanin wannan mako shi ne dukan dabarar.

Sauran abin da ya rage ya fi wuya, domin ba na mutum ɗaya ba ne. A yi dashe da wuri kuma a yi shi kusan tare. Wanda ya gama tsinka ya tuge karmami ya ƙone ko ya binne, ya kuma yi wa gonar kaftu, kada ya bar wa maƙwabcinsa gado. A rufe gadon iri da gidan sauro, domin sau da yawa tun daga can ake ɗauko ƙwan. Ruɓaɓɓen tumatirin da ake zubarwa a bakin kasuwa da bakin kanal a haƙa rami a rufe shi. Mafi girma duka, a sami wasu makonni a shekara da ba tumatir ko gauta ko ɗaya a sashe guda. Na san abin da za ku ce. Mai dashen makara ba wawa ba ne, tsadar Afrilu da Mayu yake hari, sa'ad da kwando ɗaya ke yin kuɗin biyar. Wani kuma shinkafarsa ce ta riƙe shi, kamar Baba, wani jiran ruwa ne. Ba zan tsaya a nan da albashina a aljihu in ce wa mutum kada ya nemi tsada ba. Amma in ya zaɓi haka, ya shiga da saninsa, da tarkonsa, kada ya ci bashin da in an yi asara sai an sayar da shanu. Wannan magana ce ta ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da dagatai da masu unguwanni, kuma akwai 'ya'yan wannan makaranta a cikinsu duka.

Yanzu ga roƙona ga ƙungiya. A Gabashin Afirka, Kenya da Tanzaniya, suna da tasu tsutsar mai tafiya runduna guda tana cinye hatsi da ciyawa. Sun daɗe da kafa tarkuna a wurare da yawa suna aika ƙidaya ana yin hasashe. Daga baya a Tanzaniya suka mayar da abin hannun ƙauyuka: tarko ɗaya, ma'aunin ruwan sama ɗaya, da mutum ɗaya da aka koya wa ƙirga, in ya ga adadi ya hau a sanar a masallaci da coci da makaranta. Ban ga abin da zai hana mu yin haka ba. Makarantar nan tana da gona, ga ta can bayan ɗakunan kwana inda muka sha noman horo. Tana da malamin aikin gona, tana da ɗalibai da suka fito daga kusan kowane ƙauye da kanal ya ratsa. Abin da ake bukata tarko huɗu na sharon, biyu na tsutsar masara, ma'aunin zafi ɗaya, da babban littafi mai layi. Ɗalibai biyu su riƙa ƙirgawa kowace Litinin da Alhamis kafin taron safe, a rubuta adadi da zafin daren a allon sanarwa. Ranar da adadi ya yi tsalle, a aika wa iyaye ta waya, a kuma faɗa a masallacin Juma'a. In aka yi shekara uku ana haka, makarantar nan za ta mallaki abin da zai amfani duk mai tumatir daga Kura har Bunkure, yaran kuma za su koyi kimiyya da hannunsu, ba ta haddar allo ba.

Na yi lissafi, kuɗin duka na shekara bai kai abin da muka kashe a kan rumfuna da kujerun taron yau ba, Ma'aji yana nan, in na yi ƙarya ya tashi. Ƙamshin tarko na shekarar farko ni zan saya, kuma na yi alkawarin zuwa ranar Asabar biyu a jere a watan Oktoba in koya wa yaran yadda ake bambance sharon da sauran ƙwarin da ke faɗawa ruwa, domin ba duk abin da ya faɗa ba ne shi. Dattijon nan maƙwabcinmu yana nan da ransa, ƙafa ce dai ta yi nauyi. Na gaya masa zan kawo wannan magana gabanku, ya ce in an kafa tarkon a aiko da babur a ɗauko shi, yana so ya ga ko na makaranta zai riga shi gani.

Mai girma uban taro, na ga Sakatare yana nuna mini agogo. Takardar lissafin tana hannunsa, ina roƙon a saka ta cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar azahar.  Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu damina da rani masu albarka.